Yadda ake daidaita ƙarfin wuta a ƙaramar na'urar yanka ta leza

Ƙaramar na'urar nan ƙirar China da aka fi sani da K40 tana yanka katako marar kauri da fata da roba mai kama da gilashi ta hanyar hasken leza. Hasken yana fitowa ne daga bututun gilashi mai ɗauke da iskar CO2, fasahar da Kumar Patel ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka a 1964. Tsawon ran bututun, mai ƙarfin wat 40 a rubuce, ya dogara ƙwarai ga yawan wutar da ake tura masa.

Aikin akwatin wuta

Akwatin wutar na'urar yana ɗaga lantarkin gida zuwa kimanin bolt 20,000 domin kunna iskar da ke cikin bututun. Abin da mai aiki ke ragewa ko ƙarawa shi ne yawan wutar da ke ratsa bututun, wanda ake aunawa da miliyamfa, ana rubuta shi mA a fuskar mita.

Akwatin yana karɓar umarni ta ƙananan mahaɗai. Wadda aka rubuta wa IN tana karɓar bolt 0 zuwa 5, ita ce ke ƙayyade ƙarfin. Ta L tana ba da izinin sakin haske. Ta P ko WP kuwa ta tsaro ce: idan aka haɗa ta da na'urar gane gudun ruwa, hasken zai tsaya da zarar ruwan sanyaya bututu ya daina zagayawa.

Hanyoyi biyu na sarrafawa

Ta farko ita ce abin murɗawa irin na sautin rediyo, wanda ke sauya wutar da ke shiga IN. Ta biyu ita ce PWM, inda allon sarrafawa ke kunna sigina yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. Gwargwadon daɗewarta a kunne, gwargwadon ƙarfin hasken. Da wannan ne manhaja irin LightBurn ke ba kowane layin zane nasa ƙarfin, amma sai an sauya allon da K40 ke zuwa da shi.

Inda ake asara

Wasu samfuran ba su da mita, sai allo mai nuna kashi cikin ɗari. Wannan lamba ba ta faɗin wutar da bututun ke sha, kuma kashi 100 na akwatin kan zarce abin da bututun zai jure. Masu amfani da K40 galibi ba sa wuce mA 15 zuwa 18. Daga nan ƙarin wuta ba ya ƙara yanka sosai, sai dai ya gajiyar da iskar bututun da wuri. Maganin shi ne a sa mita a wayar da ke dawowa daga bututun, a gano kashin da ya yi daidai da iyakar, a tsaya a nan.

Zafi ma yana rage ƙarfin haske. Ana son ruwan sanyaya ya kasance ƙasa da digiri 25, abin da ke da wuya a bazarar Kano ko Sakkwato ba tare da na'urar sanyaya ruwa ba.

Hattara

Wutar jar wayar da ke shiga bututun tana iya kisa, kuma saura kan rage a akwatin bayan an kashe. Kada a taɓa ciki sai an zare soket, a kuma tabbatar jikin na'urar yana haɗe da wayar ƙasa. Ido ba ya ganin hasken, don haka ba a aiki murfi a buɗe.