Tarihin Tabkunan Adar: Mu Je Mu Gani

Yau hirarmu a kan tabkunan ƙasar Adar take, cikin jihar Tawa. Mutane da yawa suna tsammani tabki abu ne da yake nan tun fil'azal, kuma ba ya zuwa ko'ina. Ba haka ba ne. Tabki yana da ranar haihuwa, yana girma, yana kuma iya mutuwa. Wanda ya taka bakinsa da ƙafa, ya buɗe ido, zai karanta wannan tarihi kamar yadda kake karanta wannan takarda.

Mu fara daga can baya. Ka dubi manyan kwaruruwan ƙasarmu, kamar kwarin Keita, da na Badagishiri, da Magiya, da Azawak can arewa. Ruwa ne ya haƙa su. Shekaru dubbai da suka wuce, ana ruwan sama mai yawa, koguna suna gudu cikinsu. A cikin Azawak masu bincike sun tono ƙasusuwan kifi da na dorina, a inda yau sai rairayi. Da ruwan sama ya ragu, kogunan suka tsaya. Abin da ya rage shi ne fadamu da tabkunan da suke cika da damina.

Har zamanin kakanninmu, daji cike yake da namu. Akwai barewa, da jimina, da mariri, da raƙumin dawa. Bindiga, da mota, da fari, da saran daji suka ƙarar da su. A shekarar 1996, raƙuman dawan da suka rage a Nijar ba su kai 50 cikakku ba, dukansu a wajen Kure, kusa da Yamai. Da aka tsare su, sai suka sake yaɗuwa. A 2018 har an kai guda 8 gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. Ka riƙe wannan, za mu koma kansa.

Sai aka shiga shekarun fari. Na 1973 ya kashe dabbobi da itatuwa ba iyaka. To, ga abin mamaki: a daidai wannan lokaci ne waɗansu sababbin tabkuna suka fito. Misali shi ne Ɗan Dutsi, yamma da Tawa, wajen Bagaruwa. Da can kwari ne mai itatuwa, gonakin hatsi suna kewaye da shi. A watan Yuli na 1974 ruwa ya cika shi, ya zama babban tabki.

Yaya aka yi haka? Ga dalili. In tudu yana da ciyawa da itatuwa, ƙasa ce take shanye ruwan sama. In ya zama fako, ruwan ba ya tsayawa, sai ya gangara da gudu cikin ƙorama, ɗauke da rairayi. Wani lokaci rairayin ya tare kwari kamar gini, ruwa ya taru a bayansa. Amma ka lura, rairayin nan da ya haifi tabki, shi ne kuma yake cike shi shekara bayan shekara, har ya kashe shi.

Akwai kuma ruwan da hannun mutum ya tare, wato baraji. An gina na Ibohaman, kusa da Keita, a ƙarshen shekarun 1960, domin ban-ruwan gonaki. Shi ma laka da rairayi sun yi ta rage zurfinsa.

Tabkin da aka fi sani shi ne na Tabalak, kamar kilomita 50 daga Tawa, kan hanyar Abalak da Agadas. Wajen 1980 aka gama shimfiɗa kwalta a wannan hanya, saboda ƙarfen uraniyom na Arlit. Daga nan garin ya bunƙasa. Hausawa, da Abzinawa, da Fulani suka haɗu a bakin ruwa ɗaya. An zuba irin kifi a ciki, masunta suna kama tarwaɗa da karfasa, matafiya suna tsayawa su saya. In ruwa ya ja baya da rani, manoma su bi danshi su shuka dankali, da wake, da albasa. Makiyaya kuma su kawo shanu da raƙuma su sha.

Farin 1984 ya sa hukuma ta tashi tsaye. A wannan shekara, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar kuma aka fara babban aikin Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An jera duwatsu a kan tuddai, an haƙa ramuka masu tare ruwa, an dasa itatuwa, an gina ƙananan baraji. Yawancin masu ɗaukar duwatsun nan mata ne, ana biyansu da abinci. Sun gane cewa ceton kwari daga kan tudu yake farawa.

Ba mu kaɗai ne muke amfani da tabkunan ba. Shamuwa tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa cikin gari, in kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Da sanyin hunturu kuwa, baƙi ne suke sauka daga Turai: ƙananan agwagin ruwa da waɗansu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Sun ƙetare teku, sun ƙetare Sahara. Tabkunanmu suna cikin ruwan farko da suke samu. A 1822 an harbo wata farar shamuwa a ƙasar Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Wannan ya taimaka wa Turawa suka gane inda tsuntsayensu suke tafiya.

Saboda irin haka ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran, a 1971, domin tsare wuraren ruwa. Nijar ta shiga a 1987. A watan Satumba na 2005 aka rubuta Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin wurare masu daraja a duniya. Tun 1998 kuma muna da dokar farauta da tsaron namun daji.

To, ɗan'uwa, ƴar'uwa, an ce gani ya kori ji. In hali ya yi, ka je bakin tabki daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka fara tambayar labarin hanya, don a shekarun nan an sha fama da rashin tsaro a arewacin jihar. Ka gaida mai gari da masunta. Ka fita da sassafe, ka yi tafiya a hankali, ban da hayaniya. Za ka iya ganin balbela, da zalɓe, da jinjimi, da dinya, da kirinjijiya. Kada ka taka shukar mutane. Kada ka ɗauki ƙwai, kada ka bar yara su yi harbi da danƙo. A guji wanka cikin kwantaccen ruwa, saboda ciwon tsargiya.

Ka tafi da littafi da fensir. Ka rubuta kwanan wata, da sunan tsuntsun da ka gani, da yawansa. Ka rubuta inda ruwa ya tsaya, ka yi alama da wata bagaruwa ko wani dutse. Ka tambayi tsofaffi inda yake kaiwa a da. Baɗi ka koma ka gwada. In ka ga rairayi yana cin tabki, ka kai magana gaban taron gari da ma'aikatan gandun daji, da takardarka a hannu.

Raƙumin dawa ya dawo don an ƙidaya shi, an kuma tsare shi. Tabkin garinku ma yana bukatar mai ƙidaya. Ga shi yanzu ka iya rubutu. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.