Daga Tsirkiyar Molo Zuwa Kotun Roma

Masu nazarin tarihin kimiyya sukan fara labarin Galileo daga madubin hangen taurari, alhali kuwa tushensa yana cikin kiɗa. Mahaifinsa, Vincenzo Galilei, makaɗin wani irin molo ne a ƙasar Italiya. Malaman Turai sun daɗe suna gadon wata magana da ake jinginawa ga Fitagoras, watau idan aka ninka nauyin da ke rataye da tsirkiya sau biyu, sautinta zai maimaita kansa a sama. Sunan mai maganar ya ishe su hujja. Wajen 1588 Vincenzo ya rataya nauyi ya saurara da kunnensa, sai ya tarar sai an ninka sau huɗu.

Ɗan ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta ga taurari. A 1633 kotun cocin Katolika da ke Roma ta tilasta masa janye maganarsa cewa duniya ce ke kewaya rana, ta kuma tsare shi a gida har rasuwarsa a 1642. Amma Galileo bai bar addininsa ba. Fassarar malamai ya yi wa shakka. Sai a 1992 Fafaroma John Paul II ya amince cewa alƙalan sun yi kuskure.