Shehu Usmanu da gidan Bawa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a Maratta ta ƙasar Gobir aka haife shi, shekara ta 1754. Da Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓa ba. Ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki ɗaurarru, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amsa.

Zamanin Yunfa aka ɓata. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Maganar tana da nauyi a bakinmu, mu mutanen Tsibiri, domin kakanninmu ne aka tarwatsa, har Mayaƙi ya zauna nan. Amma ni, a zauren mahaifina na fara karanta littattafan Shehu.