Toshe Baranda a Tsohon Gida: Darasi Daga Tarihin Gini a Ƙasar Daura



Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura ta yi arewa zuwa Kongolam, inda iyakar Nijeriya da Nijar take, in ya lura da gidajen bakin hanya zai ga wani abu da ya zama ruwan dare. Gida ne tsoho mai baranda, an jera bulo a tsakanin ginshiƙansa, an kafa ƙofar ƙarfe, baranda ta koma kanti ko ɗakin samari. Wannan ba abin zargi ba ne. Iyali suna ƙaruwa, kuma a garin da motocin Kano da na Damagaram ke ratsawa, kowane taku na bakin hanya kuɗi ne. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda za a yi wannan aiki ba tare da an kashe gidan ba. Amsar kuwa tana cikin tarihi, domin ba a yi wa gida ƙarin da ya dace da zamaninsa sai an san zamanin nasa.

Zaure da dakali

A tsarin ginin Hausa na asali babu baranda. Abin da ke tsakanin gida da hanya shi ne zaure, da dakalin da ke jikinsa, wani lokaci da rumfar kara ko ta zana. A zaure maigida ke karɓar gaisuwa, a nan baƙo ke sauka, a nan malami ke ba da karatu, madinki ko baduku ya yi sana'arsa. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa ke nan. Dakali kuwa na kowa ne: maƙwabci ya zauna, matafiyi ya huta, ba sai ya yi sallama ba. Watau maigida ya yanki wani abu daga filinsa ya bar wa jama'a.

Kayan wannan gini duk na gida ne. Da tubali da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa ake ta da bango, mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Ana rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Ita azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce ƙafa shida, wajen mita biyu ke nan, shi ya sa magina suka ƙago tauyi don ƙara faɗin ɗaki, sa'an nan bakan gizo da ɗaurin guga don manyan soraye irin na fadar Daura. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Ashe ke nan faɗin ɗaki da kaurin bango da ƙanƙantar taga, duk kayan aikin ne suka yanke su.

Zuwan baranda

Baranda baƙuwa ce, ita da sunanta. Kalmar daga Ingilishi muka aro ta, su kuma Ingilishi daga Indiya suka zo da ita. Ta shigo ƙasar nan tare da mulkin Turawa, kuma tarihin Kongolam kanta yana ɗaure da wannan zamani. Bayan jihadi, wajen 1805, sarautar Daura ta koma hannun Malam Ishaku, zuriyar Sarkin Gwari Abdu kuwa suka yi zamansu a Zango da Baure. Daga baya Turawan Ingila suka mai da Malam Musa gadon Daura. A 1906 kuma Ingila da Faransa suka daidaita a kan iyaka, aka bi aka kafa alamominta zuwa 1908. Ƙasar da take ɗaya ta rabu biyu, hanyar fatake ta sami ƙofa, ma'aikatan gwamnati suka sami wurin zama.

Gine-ginen farko na wannan mulki, magina Hausawa ne suka yi su da ƙasa da azara. Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya buɗe makaranta a 1909, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, shaida ne har yau. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kwanon rufi da siminti da katako suka samu, kuɗin gyaɗa kuma ya kai su hannun attajirai. Daga bariki da makaranta da ɗakin shan magani, baranda ta gangaro gidajen ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa. Aikinta biyu ne. Tana hana rana dukan bangon ɗaki, tana kuma tare feshin ruwa, musamman ta gabas inda hadarinmu ke tasowa. Sa'an nan Bahaushe ya ba ta aiki na uku, ya mai da ita dakali mai rufi.

Ado ma yana da zamaninsa. Zanen da ke cika fuskar gida daga waje, irin wanda Zariya ta yi suna da shi, ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, har aka riƙa zana keke da agogo da mota, kamar yadda Kirk-Greene ya nuna a littafinsa na 1963. Dagi kuwa, ko da yake tsoho ne a ɗinki da aikin fata, a zamanin Sardauna ya zama tambarin Jihar Arewa. Daga baya, da kuɗin man fetur ya zo a shekarun 1970, bulo ya mamaye gari da ƙauye.

Abin da ya sami manyan gine-gine

Rufe tsohon wuri da sabon gini ba baƙon abu ba ne gare mu. Rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajida ya kashe macijiya, a cikin ɗaki take yau. Ginin ya tsare ta, amma mai ziyara ba ya ƙara ganin ta a matsayin rijiyar gari da mata ke kewayewa da tuluna. Misalin da ya fi girma shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. Mai son ganin kamanninsa na waje sai ya tafi Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya bisa awon da Farfesa Dmochowski ya yi. Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa, a rufe yake ko a buɗe, yana son ido da hannu kowace shekara.

A ɗaya hannun, ga Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, aka yi ta ƙara masa sassa da ƙasa da itace, har ya ci lambar Aga Khan a 1986. Ƙari ne a kan ƙari, amma duk da harshe ɗaya suke magana.

Magidancin Kongolam

To, mu ɗauka wani magidanci a Kongolam ya gaji gidan ƙasa mai baranda da rufin kwano, yana kuma bukatar ɗaki. Me tarihi ke ce masa?

Da farko ya san shekarun gidansa. In na zamanin En'e ne, tagar katako mai ƙyaure biyu da ƙofar katako su ne nasa. Zankwayen siminti da dagin fenti ba za su mai da shi fada ba, sai dai su sa shi faɗin ƙarya game da kansa.

Na biyu, ƙasa da ƙasa take zama. Siminti ba ya kama bangon ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa sumul. Bulo da tubali kuma ba tare suke motsi da zafi da danshi ba, don haka mahaɗarsu ita ce farkon tsaga.

Na uku, ya ja sabon bangon baya kaɗan, ginshiƙai su fito a gan su, kada kuma a ɗora wa tsohon gini nauyin sabo. Ta haka jikansa zai gane inda baranda take, in ya ga dama ma ya buɗe ta. Wannan ya dace da Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi, wadda ta nemi sabon aiki ya saje da tsoho amma a iya bambanta su, a kuma girmama abin da kowane zamani ya ƙara.

Na huɗu, ya tuna aikin baranda. In ya toshe ta ruf, ɗakin ciki ya rasa iska da haske, sabon ɗakin kuma ya zama tanda a ƙarƙashin kwano. Ya bar kafofin iska a sama, ya sa sili, ya gyara magudanar ruwa. In kuwa da hali, ya toshe rabi ya bar rabi, ko ya gina dakali a gaba, don kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kammalawa

Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kula da gine-ginen da aka yi wa rajista ne. Gidajen talakawa, waɗanda su ne mafi yawan tarihinmu, ba su da mai tsaro sai masu su, da ku ma'aikata da ke sa hannu a takardar izinin gini, da ku ɗalibai da za ku zana gidajen gobe. Kafin a jera bulon farko, a ɗauki hoto, a auna, a nemi tsohon magini na unguwa a ji ta bakinsa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Bangon da ya faɗi ana iya ta da shi. Amma in maginin da ya san haɗin laso da ɗaurin azara ya ƙaura bai bar almajiri ba, shi ke nan.