Fartanya, Baki Da Mutum A Zaune: Kalmar "So" A Bakin Mutanen Fir'auna

Na daɗe ina rubuta littattafan soyayya, kuma in za a ƙirga kalmar da na fi cin abinci da ita, ba za ta wuce "so" ba. Kwanakin baya wani yayana da ke koyarwa a jami'a ya tsokane ni, ya ce kalma ɗaya muke juyawa kamar waina a tanda, wadda yaro zai ce "ina son alewa" da ita jarumina zai ce "ina son ki", wai wannan talaucin harshe ne. Maganar ta ci min rai ƙwarai. Da ya ga na ɗaure fuska sai ya ɗauko wani ƙaton littafin nahawun tsohon harshen Masar, wanda Alan Gardiner ya fitar a 1927, ya ce in je in duba ko su ma haka suke. Turancina na sakandare ne, don haka na sha wuya, amma na kama aikatau guda na bi shi har na ga kwanansa.

Aikatau ɗin shi ne "mer". Su mutanen Masar ba sa rubuta wasali, masana ne ke cusa "e" don baki ya iya furtawa. Sukan zana shi da hoto uku: fartanya, sai baki, sai mutum a zaune ya kai hannu bakinsa. Kada mai karatu ya zaci so da noma dangi ne, fartanyar sautin "mr" kawai take bayarwa, bakin kuma "r". Mutumin da ke zaune ba a karanta shi, alama ce da suke sa wa kalmomin ci da sha da magana da tunani.

Ma'anarsa fa? To jama'a, ashe yadda muke haka suke. Da "mer" ake ƙaunar mace, da shi ake son abu ko nufin aikata shi. Daga jikinsa suka fitar da suna "merut", wato soyayya, in kuma aka ce "en merut" ma'anar ta koma "domin" ko "saboda".

Wajen sarrafa shi ne na ajiye littafin na yi shiru. Wakilin suna a ƙeyar aikatau suke liƙa shi: "mer-ek" kana so, "mer-ef" yana so, "mer-es" tana so, "mer-sen" suna so. Wannan "k" ta namiji da wannan "sen" sai suka yi min kama da "ka" da "su" namu, kuma ba kunnena ne ya yaudare ni ba, domin masana sun sa Hausa da Larabci da tsohon harshen Masar cikin babban gida ɗaya. Mutuwa ma "mut" suke ce mata. In abu ya shuɗe sai su ƙara "n" a tsakiya, "mer-en-ef", ya so. In kuma aka ninka "r" aka ce "merer-ef", Gardiner ya ɗauke shi a matsayin son da ake ta maimaitawa, ko da yake masanan da suka biyo bayansa sun ja da shi a kan wannan. Ninkin ya fi fitowa fili a kirarin da manya ke rubutawa a bangon kabarinsu. In mutum ɗaya ne ke son mamacin, kamar mahaifinsa, galibi "meri" ake sawa, in kuwa 'yan'uwansa ne da yawa sai a ga "mereru". Nan take na tuna yadda muke cewa "ya yanka" da "ya yayyanka".

Amma abin da ya fi burge ni korewa ce. Wani masani Battiscombe Gunn ya nuna a 1924 cewa in aka sa "n" ta korewa a gaba, lokutan musaya suke yi. "N mer-ef" na nufin bai so ba, "n mer-en-ef" kuwa, da yake da kamar abin da ya wuce, yana nufin ba ya so, ko ma ba ya iya so. Harafi ɗaya ke nan tsakanin angon da bai so amaryarsa ba ranar ɗaurin aure da wanda zuciyarsa ta kasa har abada. Ni kuwa sai na ɓata littafi na ɗaya da na biyu da na uku ina bayanin wannan bambanci a labarin auren dole.

Sarakunansu sun cika sunayensu da wannan aikatau. Ramsis na biyu, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana kiransa Meri-Amun, wato wanda abin bautarsu Amun ke so. Ɗansa da ya gaje shi Merneptah ne, 'yar Akhenaten da Nefertiti kuma Meritaten, da "t" ta mace a jiki kamar "ta" ɗinmu. A irin waɗannan sunaye son daga sama yake gangarowa, sarki shi ne abin so. Dutsen Rashid da sojojin Faransa suka tsinta a 1799, wanda ya taimaki Champollion ya warware rubutun a 1822, shi ma an yi wa sarki Ptolemy kirarin wanda Ptah ke so a jikinsa. Talakawa ma ba a bar su a baya ba, akwai waƙoƙin soyayya da suka tsira a takardun zamanin su Ramsis, inda saurayi da budurwa ke kiran juna ɗan'uwana da 'yar'uwata. Masu yi mana gorin jarumarmu na ce wa saurayinta "Yaya" sai su ji.

Aikatau ɗin ya rayu har cikin Ƙibɗanci, matakin ƙarshe na harshen, wanda ake rubutawa da haruffan Girka masu wasali. A nan ya zama "me", masoyi kuma "merit". Da na mayar wa Yaya littafinsa na ce masa talaucin da yake faɗa ashe har fadar Fir'auna ya shiga. Bai ce komai a kan wannan ba, sai ya tuna min cewa aron mako biyu ya ba ni, na riƙe wata huɗu.