Waƙa Ma Gona Ce: Haƙƙin Mai Fasaha Tun Daga Zamanin Sarakunan Damagaram

Jama'a, kowa ya san wanda ya nome gona shi ke da hatsinta. To, wanda ya tsara waƙa fa, ko ya wallafa littafi? Shi ma ya yi gumi. Bari mu duba yadda kakanninmu suka kare wannan gumi, da yadda doka take kare shi yau.

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya gina ganuwar Zinder, ya kuma rasu a 1884, birnin ya cika da fatake masu zuwa Kano da Tarabulus. Fada tana da makaɗa da maroƙa. In makaɗi ya yi wa sarki waƙa, sai a ba shi riga, ko doki, ko buhun wuri. Ba wanda zai ji waƙar sai makaɗin yana tsaye a wurin da kansa. Saboda haka ladansa ba ya wuce shi. Malamai su ma suna da tasu dabara. In malami ya tsara waƙa da ajami, yakan sa sunansa a baitocin ƙarshe. Almajiri mai kwafa zai kwafe har da sunan. Goge sunan mai waƙa abin kunya ne.

Faransawa suka ci Zinder a 1899. A bayansu na'urori suka shigo: garmaho, sannan rediyo, sannan kaset. Daga shekarun 1970 kaset ya bazu har ƙauyuka. Muryar mawaƙin fada irin su Mu'azu Ɗan Alalo ta kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Wannan alheri ne, amma da matsala. Mai rediyo biyu yana iya juya kaset ɗaya ya zama ɗari, ya sayar a kasuwa, mai waƙar bai ga ko dala ba. Yau wayar hannu ta gaji kaset, kwafa kuma ta ƙara sauƙi.

Turawa sun riga mu shiga wannan matsala, don injin buga littafi ya daɗe a wurinsu. Ingila ta yi dokar kare marubuta a 1710. A 1886 wasu ƙasashe suka taru a birnin Bern na Suwizalan, suka yi alkawarin kare aikin mutanen juna. Nijar tana cikin wannan alkawari. A 1977 ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Bangi tare da wasu ƙasashen Afirka. A 1993 ta yi tata doka ta haƙƙin mai fasaha, aka sabunta ta a 2010. A 1995 aka kafa hukumar BNDA, mai ofishi a Yamai. Aikinta shi ne ta karɓi kuɗi daga gidajen rediyo, da telebijin, da wuraren da ake kaɗa waƙa don kasuwanci, ta raba wa masu waƙoƙin.

Me dokar ta ce? Da farko, haƙƙi yana farawa ranar da mutum ya ƙago aikinsa, ko ya yi lakkol ko bai yi ba. Na biyu, haƙƙin iri biyu ne. Akwai na suna: ba wanda zai cire sunanka, ko ya lalata aikinka. Akwai na kuɗi: ba wanda zai buga, ko ya kwafa don sayarwa, sai da yardarka. Na uku, haƙƙin kuɗi ana gadonsa kamar gona. Alkawarin Bern ya ce magada za su ci moriyarsa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi. Na huɗu, doka ba ta tsare tunani kawai. Kowa yana iya yi wa damina waƙa, amma ba zai ɗauki baitocin wani ya ce nasa ne ba. Tatsuniyoyi da kiɗan gargajiya kuwa, waɗanda ba a san mai su ba, doka ta ɗauke su dukiyar ƙasa.

Ka lura, ɗan'uwa: wanda ya sayi kaset, kaset ɗin ya saya. Waƙar tana nan ta mai ita.

Ga amfanin karatun da ka koya. In kana waƙa, ko wasan kwaikwayo, ko zane a kan fata, rubuta sunanka da shekara a jikin aikinka, yadda malaman da suke yi. Kai shi BNDA a rubuta, don ka samu shaida. In wani ya zo ɗaukar muryarka, ku yi takarda gaban shaidu: nawa zai biya, kuma har yaushe. Kada ka dangwala yatsa sai ka karanta ta daga farko har ƙarshe.