Tsiron Agabe: Ire-irensa, Kamanninsa da Bambancinsa da Zabo da Moda

Gabatarwa

A wannan shafi mun kawo wa jama'a bayani a kan wani baƙon tsiro da ake kira agabe, wanda ya daɗe da shigowa Afirka ta Yamma, ana shuka shi don ado a harabar gidaje da makarantu da ofisoshi, wani lokaci kuma don shinge. Mun yi la'akari musamman da manoma da masu lambu na yankin Fagada da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, inda kare amfanin gona daga dabbobi da iska da zaizayar ƙasa ya zama aikin kowace shekara. Dalili na biyu kuwa shi ne, agabe yana da kama da zabo da moda, tsirrai biyu da kakanninmu suka sani, kuma rikita su yana iya jawo cuta, domin ruwan ganyen agabe yana ƙona fata.

Asalinsa da sunansa

Asalin agabe daga nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Meksiko da kudancin ƙasar Amurka da tsibiran Karibiyan. Akwai ire-irensa fiye da 200, kuma mafi yawansu a Meksiko suke. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa masa sunan Agave a shekarar 1753, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abu mai martaba. Turawan Sifen da na Fotugal ne suka fara fita da shi daga Amurka tun a ƙarni na 16, daga nan ya bazu zuwa Turai da Afirka da Asiya.

Kamanninsa gaba ɗaya

Yawancin ire-iren agabe ba su da dogon kututture. Ganyayensu suna fitowa ne daga gindi guda, su jeru a kewaye kamar kan abarba. Ganyen yana da kauri da tauri, cike da ruwa da zare, kuma a ƙarshensa akwai ƙaya mai tsini. Wasu ire-iren suna da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa a gefen ganye, wasu kuma ba su da su.

Abin da ya sa agabe yake jure fari shi ne yadda Allah Ya tsara numfashinsa. Ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa suna buɗewa da dare lokacin da gari ya yi sanyi, su rufe da rana, saboda haka ruwan da yake asara kaɗan ne. Haka kuma jikin ganyen yana da wani rufi mai kama da kakin zuma, saiwoyinsa kuwa ba su nisa ƙasa, suna bazuwa ne kusa da sama domin su tsotse ruwa da zarar an yi yayyafi.

Mafi yawan ire-irensa sau ɗaya suke fure a rayuwarsu. Bayan shekaru, sai wani dogon kara ya fito daga tsakiyar tsiron, ya yi fure, daga nan uwar ta bushe. Kafin ta mutu takan bar 'ya'ya a gindinta, wasu ire-iren kuma sukan fitar da ɗaruruwan ƙananan 'ya'ya a kan karan furen, masu kama da dashen albasa, waɗanda ke zubowa ƙasa su kama.

Fitattun ire-irensa

1. Agave americana. Wannan shi ne babban agabe da aka fi gani a lambunan ado. Ganyensa toka-toka ne mai ɗan shuɗi, tsawonsa yakan kai mita 1 zuwa 2, yana da faɗi, sau da yawa yakan lanƙwaso daga tsakiya. Yana da ƙayoyi a gefe da kuma babbar ƙaya a baki. Turawa sun yi masa laƙabi da tsiron shekara ɗari, amma a haƙiƙa yakan yi fure ne tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma karan furensa yakan kai mita 8. Akwai nau'insa mai ratsin ruwan ɗorawa a gefen ganye.

2. Agave sisalana, wato sisal. Ganyensa kore ne mai duhu, miƙaƙƙe kamar takobi, tsawonsa mita 1 zuwa 2. Idan ya girma galibi ba ya da ƙaya a gefe, sai guda ɗaya mai duhu a baki. Yakan rayu shekara 7 zuwa 10, kuma a tsawon wannan lokaci yakan ba da ganye 200 zuwa 250 da za a iya cire wa zare. Kowane ganye yana ɗauke da silin zare kimanin 1,000, amma zaren bai wuce kashi 4 cikin 100 na nauyin ganyen ba. Ba kasafai yake yin iri ba, da 'ya'yansa ake yaɗa shi.

3. Agave fourcroydes, wanda ake kira heneken a yankin Yukatan na Meksiko. Ya yi kama da sisal, sai dai ganyensa ya fi toka-toka, yana da ƙayoyi a gefe, kuma yakan yi kututture idan ya tsufa. Zarensa ya fi na sisal kaushi, da shi aka daɗe ana yin igiyar ɗaurin damin hatsi a Amurka.

4. Agave tequilana, wato shuɗin agabe. Ganyensa siriri ne, miƙaƙƙe, mai launin shuɗi. Ana noma shi a jihar Jalisko ta Meksiko saboda sukarin da ke taruwa a gindinsa, wanda suke sarrafawa su yi wata barasa tasu mai suna tekila, su kuma yi wani ruwan zaƙi mai kama da zuma. A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta sanya gonakinsa na wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya.

5. Agave angustifolia. Matsakaici ne, ganyensa siriri ne mai yawa, yana tashi ta kowane gefe har tsiron ya zama kamar ƙwallo. Nau'insa mai farin gefe ya bazu a lambunan ƙasashe masu zafi.

6. Agave attenuata. Shi ne marar ƙaya. Ganyensa mai laushi ne, kore mai haske, yana yin ɗan kututture, kuma karan furensa yakan lanƙwaso kamar wutsiya. Ya fi dacewa da gidan da ke da yara, amma a wuri mai tsananin rana irin namu yana bukatar inuwa.

7. Agave victoriae-reginae. Ƙarami ne, faɗinsa kimanin rabin mita, ganyensa gajere mai kauri da fararen zane a jiki. An raɗa masa suna ne don girmama Sarauniya Biktoriya ta Ingila, kuma a tukunya aka fi shuka shi.

Yadda sisal ya shigo Afirka

Sunan sisal ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Sisal da ke Yukatan, inda a da ake fitar da zaren agabe zuwa ƙasashen waje. A shekarun 1830 wani likita Ba'amurke, Henry Perrine, ya kai tsiron Fulorida. A shekarar 1893 kuma wani Bajamushe, Richard Hindorf, ya sa aka kawo 'ya'yansa daga can zuwa ƙasar da a yau ake kira Tanzaniya. Guda 62 ne kawai suka tsira a hanya, kuma daga gare su ne noman sisal na Gabashin Afirka ya tashi. Kasuwarsa ta faɗi daga shekarun 1960 bayan fitowar igiyar roba, amma har yanzu ana noma shi a Birazil da Tanzaniya da Kenya da Madagaska da Sin, ana yin igiya da darduma da takarda da shi. Daga ruwan ganyensa kuma ana samun wani sinadari da ake amfani da shi wajen haɗa maganin kotizon.

Bambancinsa da zabo da moda

Zabo, wanda wasu ke kira kabar giwa, ɗan ƙasa ne, kuma ɗan'uwan alobera ne da ake sayarwa don gyaran fata. Ganyensa mai laushi ne, sau da yawa da fararen ɗigo irin na zabuwa, ƙayoyin gefensa ba su da ƙarfi. Idan aka karya shi yakan karye nan take, a ga yauƙi a ciki da ruwa mai ɗaci, babu zare. Yana fure shekara-shekara ba tare da ya mutu ba.

Moda kuwa ganyenta a tsaye yake fitowa daga saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, yana da ratsi-ratsi a gicciye, ba shi da ƙaya a gefe. Tana da zare mai ƙarfi, wanda maharba suka daɗe suna yin tsarkiyar baka da shi.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a duba abu biyu. Idan ganye yana da ƙaya mai tauri a baki wadda za ta iya huda fata, kuma aka lanƙwasa shi ya ƙi rabuwa saboda zare, to agabe ne, kada a shafa ruwansa a jiki.

Amfaninsa ga manomanmu

Manoman wannan yanki sun saba shinge da aguwa da cin-da-zugu da ƙaya, igiya kuwa daga rama da kaba suke samunta. Sisal yana iya zama ƙari a kan waɗannan. Yana son ƙasar tudu mai tsane ruwa, yana jure zafin bazara, amma ba ya son fadamar da ruwa ke kwanciya, domin gindinsa yakan ruɓe. Idan aka jera shi a gefen gona ko burtali, kimanin mita 1 tsakanin tsiro da tsiro, yakan tare shanu da awaki, saiwoyinsa kuma su riƙe ƙasa a bakin kwazazzabo. Farkon damina ya fi dacewa da dashe. Ana fara yankan ganye bayan shekara 2 zuwa 3, a riƙa ɗibar na ƙasa ana barin na tsakiya. Ana kankare ganyen da dakusasshiyar wuƙa a kan katako tun yana ɗanye, a wanke zaren, a shanya shi a rana.

Abubuwan lura

Muna jan hankalin jama'a ga abubuwa huɗu. Na ɗaya, ruwan ganyen yana sa ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje, don haka mai yankansa ya rufe hannunsa, wanda ya taɓa kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu; idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Na biyu, ƙayar bakin ganye tana iya tsone idon yaro ko na dabba, saboda haka a yanke ta a duk tsiron da ke kusa da hanya ko makaranta. Na uku, a riƙa rage 'ya'yansa, domin a Afirka ta Kudu da Ostareliya ya tsere daga lambuna ya mamaye wuraren kiwo. Na huɗu, a riƙa share gindinsa, saboda duhuwarsa takan zama mafakar macizai da ɓeraye.

Kammalawa

Muna shawartar duk mai niyyar shuka agabe da yawa ya fara da ɗan layi guda a gefen gonarsa, ya ga yadda zai karɓi ƙasar, ya kuma tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa ko malaman aikin gona na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006, domin a tabbatar masa da nau'in da ke hannunsa kafin ya faɗaɗa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.